Littafi na Ukun da Na Hana Fitowa

Shekaru sun ja, na yi aure, na haihu, a wurin aiki ma na kai matsayin da ƙananan ma'aikatan jinya suke miƙewa in na shigo, amma akwai wani abu da na aikata ina ɗaliba wanda har in koma ga Allah ba zai bar raina ba. Ko ina tsakiyar aiki na tuna shi sai in ji fuskata ta ɗauki zafi, kamar yanzu aka kama ni. Ba sata na yi ba, ban kuma yi wa wani allurar da ba tasa ba. Wasiƙa na rubuta, guda ɗaya, a kan wani littafi.

A shekarar da sojoji suka koma bariki aka miƙa wa farar hula mulki abin ya faru. Ina ajin ƙarshe a makarantar koyon aikin jinya, ina zaune a gidanmu a Gyaɗi-Gyaɗi. Wanda bai ga lokacin nan ba ba zai gane yadda bakin mutane ya buɗe ba. Mai shayi yana da ra'ayi, direban tasi yana da ra'ayi, kowa ya samu makirfo sai ya amayar da abin da ya shekara goma sha biyar yana haɗiyewa. Ni kuwa dama Allah ya yi ni da baki. Innarmu takan ce bakina ya riga ƙafata koyon tafiya. Sai lokacin ya zo mini daidai, na ɗauka duk abin da ya zo kaina gaskiya ce da ya wajaba duniya ta ji.

Cutata a lokacin ita ce karatun littattafan Hausa. A bakin layinmu akwai wani ɗan shagon katako da ake ba da hayar littafi, ka karɓa yau ka mayar gobe, don akwai masu jira a bayanka. A nan na haɗu da littafin da ya sha bamban da duk na soyayyar da muka saba. Labarin wasu aljanu ne da suke zaune a kurmin tsamiya tun kaka da kakanni, da sarauniyarsu da kasuwarsu da rijiyoyinsu. Rana ɗaya wasu baƙin aljanu suka ƙetaro teku, farare masu idon mage, waɗanda ƙarfe ba ya cutar da su. Suka kafa turakun ƙarfe suka kewaye kurmin, suka auna ƙasa da igiya, suka sa wa kowace bishiya haraji. Ko yaro ya san da wa ake. Littafin farko ya ƙare ne a inda wata budurwar aljana ta rantse sai ta tumɓuke turakun nan ɗaya bayan ɗaya. Sau huɗu na karanta shi. Na kusa shekara biyu ina leƙa shagon nan ina tambayar na biyu, har mai shagon in ya hango ni sai ya fara girgiza kai tun ban ƙaraso ba.

Da na biyun ya fito, ni ce ta bakwai a layi. Ya zo hannuna ran wata Alhamis, ga jarrabawa a gabana. Na buɗe ina jiran yaƙi, ina jiran in ga an kori masu idon magen nan an watsa su cikin teku. Ina! Babu yaƙi babu dalilinsa. Marubucin ya ajiye budurwar a gefe, ya ɗauko ubanta, wani tsohon aljani, ya sa shi ya je ya durƙusa wa baƙin ya karɓi aikin masinja. Ya sa rigarsu, ya riƙe musu jaka, yana gaba suna biye yana nuna musu hanyoyin kurmi. Abin da ya fi ƙona mini rai, marubucin bai zage shi ko sau ɗaya ba. Sai ma lallaɓa shi yake, yana faɗin yadda ƙafarsa take ciwo da yadda yake kewar 'yarsa. Ina kaiwa shafi na arba'in da biyu, inda 'yar ta tofa masa yawu a bainar jama'a, na ce madalla, na rufe littafin na cilla shi kan katifa. Washegari na mayar wa mai shago, ban ko nemi a sake sa ni a layi ba.

A lokacin akwai wani fili da ake yi a rediyo duk Asabar da la'asar, inda ake karanta ra'ayoyin masu karatu a kan sababbin littattafai. Matan gida da 'yan makaranta ba ma yarda ya wuce mu, 'yan kasuwar littafi ma suna kasa kunne don su san abin da zai tafi. Na yago takarda daga littafin darasina na zauna. Wallahi har yau ina jin daɗin da na ji ina rubutun nan, shi ne kuma abin da ya fi ba ni kunya. Na ce marubucin ya ci amanar masu karatu. Na ce a daidai lokacin da ƙasa ta samu bakin magana, shi kuma ya zo yana wanke 'yan koren Nasara. Na ce da ganin yadda yake tausaya wa masinjan nan, shi ma irinsu ne, kada kowa ya ɓata kuɗinsa. Sannan na ɗora jimlar da ta fi kowace muni: na ce na karanta littafin daga bango zuwa bango, har sau biyu, ban tsinci komai ba sai ƙasƙanci. Na sa hannu da sunan wata mai kishin ƙasa daga Gyaɗi-Gyaɗi.

Aka karanta ta kuwa, tun daga sallama har sa hannu, aka kuma maimaita shirin ran Talata. Mako na gaba sai ga wasiƙu uku suna cewa mai kishin ƙasa ta yi gaskiya. Mai shagonmu ya ce mini layin littafin ya watse, yanzu yana nan a kan kanta yana shan rana. Ƙawayena a makaranta sun san ni ce, suka riƙa ce mini Malama mai sharhi. Kaina ya kumbura, ina tafiya ƙasa tana yi mini kaɗan.

Bayan kamar wata huɗu, wata maƙwabciyarmu ta shigo wurin Innarmu da roƙo. Yayanta da yake Daurawa, can cikin Tarauni, yana fama da ciwon suga, kullum da safe sai an yi masa allura kafin ya karya. Nas ɗin da take zuwa yi masa an yi mata canjin wurin aiki, shi kuma idonsa ya yi rauni, ba ya ganin layin sirinji. Kafin in buɗe baki Innarmu ta riga ta amsa a madadina, ta ce ai neman lada ne. Haka na fara sammako, in biya Daurawa in yi allura, sannan in hau bas in wuce asibiti.

Tsohon malamin firamare ne da ya yi ritaya, siriri, da farin gemu da tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Mutum ne mai barkwanci. Tun ranar farko ya laƙaba mini Likita, in na ce ban kai ba sai ya ce duk wanda ya isa ya huda shi da sassafe ya kai. In na yi allurar nakan ɗan zauna har matarsa, wadda nake ce wa Hajiya, ta kawo masa abin kari, don ba a barin mai irin allurar nan da yunwa. A bayan ƙofar ɗakinsa akwai wani tulin kaya da aka lulluɓe da tsohon zane. A rana ta uku jakata ta maƙale zanen ya zame. Ƙulle-ƙullen littattafai ne sababbi fil, an ɗaure su da igiya, sun kai ƙuguna. Ina ganin bangon na gane shi: tsohon aljani da jaka a kafaɗa.

Na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, ashe kana sayar da littattafai?"

Ya yi 'yar dariya ya ce, "Da na iya sayarwa ai da ba ki gan su a nan ba, Likita. Ni na rubuta. 'Yan kasuwa ne suka dawo mini da kayana."

Ya ce sunan da yake jikin bangon na aro ne, don ba ya so abokansa na masallaci su ji mai farin gemu yana zaune yana ƙirƙirar labarin aljanu. Ya ce na farko ya tafi har an sake bugawa, na biyun ma ya fara tafiya, sai wata baiwar Allah ta rubuta wa rediyo. Nan ya karanto mini wasiƙata da ka, kusan kalma da kalma, a hankali, babu fushi a muryarsa. Ban taɓa sanin maganata tana da muni haka ba sai da na ji ta a bakin mai farin gemu. Ina tsugune ina tattara auduga, ina addu'ar kada Hajiya ta shigo ta ga fuskata.

Wata mai hankali da a nan ta faɗi gaskiya. Ni kuwa, mai bakin da ba ya shiru, sai na ce Allah ya kyauta, mutane ba su da kirki. Kun ji fa. Har da ni a masu yi masa jaje.

Sai ya ce yana da wata alfarma da zai nema. Tun da aka buga littafin idonsa bai bar shi ya karanta ba, 'ya'yansa kuma duk suna nesa, Hajiya ba ta yi boko ba. Yana so in riƙa karanta masa shafi goma kullum kafin a kawo koko, ko zai gano inda ya kauce har mai karatu ta fahimce shi haka. Ya ce tunda ta karanta sau biyu, laifin ba nata ba ne, a wurinsa yake. Na rasa ta inda zan zille, na ce to.

Kwana huɗu ina karanta abin da na riga na sani, yana kishingiɗe ido a rufe, wani lokaci leɓensa yana motsi tare da nawa. A rana ta biyar muka wuce shafi na arba'in da biyu, na shiga inda ban taɓa takawa ba. Shafi uku kacal bayan inda na tsaya, tsohon masinjan ya koma bukkarsa da yawun 'yarsa a fuska bai goge ba, ya kira wata kurciya ya raɗa mata sunan unguwar da baƙin za su ƙone gobe. Ashe abin da ya kai shi aikin ke nan. Duk inda za a kai farmaki shi yake fara ji, sai a iske unguwa wayam, an kwashe yara da tsofaffi. In an ce ya nuna hanyar babbar rijiya, sai ya bi da su ta ƙaya kwana uku. Da baƙin suka fara zarginsa suka ɗaure shi a jikin turken ƙarfe har fatarsa ta saluɓe, bai faɗi komai ba. Bai kuma gaya wa kowa a cikin nasa ba, har 'yarsa, don ya san in mutum biyu suka sani, baƙin ma sun sani. Marubucin bai mai da shi waliyyi ba. Akwai unguwar da bai samu ya gargaɗa ba, akwai ranar da shi da hannunsa ya riƙe igiyar awo. A shafin ƙarshe mutanensa ne suka yi masa kwanton ɓauna suka kashe shi, 'yarsa tana cikinsu, kurciyar tana kan reshe da saƙon da bai gama faɗa ba.

Ranar da muka kai nan, na karanta layin ƙarshe da kyar, hawaye yana ɗiga a kan takardar. Baba ya ce masinjan nan kakansa ne. Masinjan wani Bature ne a farkon zuwan Turawa, kuma har shi Baba ya girma in an yi faɗa a unguwa sai a ce musu jikokin masinja. Sai da ya fara koyarwa a wani ƙauye wata tsohuwa ta ji sunan gidansu, ta kama hannunsa tana kuka, ta ce kakansa ne ya aiko musu su gudu ana gobe za a zo kama mazajen garin. Ya ce bai san ko sau nawa kakan ya yi haka ba, bai kuma san abin da ya aikata na saɓanin haka ba. Shi ya sa ya ba aljanu labarin, don su ba su da dangin da za su ji haushi.

Ban san lokacin da na sauko daga kujera na durƙusa ba.

"Baba, ni ce. Ni na rubuta wasiƙar."

Ya juyo da fuskarsa wajena, ya cire tabarau. Na ce masa ƙarya na yi, ban karanta sau biyu ba, ko sau ɗaya ban gama ba, a shafi na arba'in da biyu na tsaya. Na so ya daka mini tsawa. Na so ya kira Hajiya ya ce ta fitar da ni. Da ya yi haka da na samu sauƙi. Sai ya daɗe yana murza tabaraun a bakin rigarsa, sannan ya yi magana a hankali.

"Zagin bai dame ni ba, 'yata. Na shekara talatin da biyar ina koyarwa, wane iri ne ban ji ba? Cewar da kika yi kin kai ƙarshe, ita ce ta karya ni. Na ce in mutum ya karanta har ƙarshe, sau biyu, bai ga mutumin nan ba, to ban iya rubutu ba, tsufa ne yake ruɗina."

Na ce in Allah ya yarda zan gyara, zan sake rubuta musu, zan bi shaguna da ƙafata, ya fito da na uku kawai mutane su gani. Hajiya ce ta ba ni amsa. Ashe tana bakin ƙofa da kwanon koko a hannu. Ta ce na ukun ya riga ya gama shi tun idonsa yana gani, littattafan rubutu uku cike da hannunsa, inda 'yar za ta gano ko wane ne ubanta. Mako biyu bayan shirin rediyon ya miƙo mata su ya ce ta hura wuta. Ta ɓoye su kwana biyu a ƙarƙashin gado, ya gane, ya tsaya a kanta a madafa har sai da ta cusa su a murhu. Tana faɗa tana kallona. Ta ajiye kokon ta fita. Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin, da gudu zan shige.

Baba ya ce ya yafe mini, ya kuma ce in tashi kada in makara. Washegari na yi kamar kada in koma, amma allura ba ta san kunya ba, dole na je. Na tafi da sabon littafin rubutu da biro, na ce ya faɗa ina rubutawa. Ya yarda don ya faranta mini. Mun yi safiya biyar muna gwadawa. Sai ya fara, ya yi layi uku, ya tsaya, ya ce ba haka yake ba a wancan. A rana ta biyar ya ce in rufe, mutanen kurmin sun tashi daga kansa, ya kira sun ƙi amsawa. Shafi biyu da rabi muka samu.

Na rubuta wa rediyo wasiƙa ta biyu, da cikakken sunana wannan karon, na ce ƙarya na yi. Ba a taɓa karanta ta ba. Kafin ta isa an riga an ba 'yan siyasa lokacin filin, ana ta sabuwar muhawara, babu mai ta littafi. Na ɗauki kwafi biyar na kai wa mai shagonmu, na bi ƙawayena ɗaya bayan ɗaya ina roƙo su karanta har ƙarshe. Wasu sun karanta sun yi kuka kamar ni. Amma abin da na faɗa wa dubban mutane da rana tsaka, ga shi ina bin mutum ashirin ina warwarewa a kunne. Ba na cewa wasiƙata kaɗai ce ta kashe kasuwar littafin, Allah ne masani. Abin da ya shiga murhu dai na san wanda ya jawo.

Na ci gaba da zuwa har wata uku, lokacin da ƙaramar 'yarsa ta dawo gida na koya mata yin allurar. Bai taɓa tayar da maganar ba, bai kuma daina ce mini Likita ba. Hajiya tana amsa gaisuwata, iyakarta ke nan, ban kuma ga laifinta ba. Bayan shekara biyu ya rasu, Allah ya jiƙansa da rahama.

Kwanakin baya wata yarinya da nake koya wa aiki ta zo da tsofaffin littattafan nan biyu, ta tsinto su a akwatin mahaifiyarta, bangon duk ya yage. Ta ce ta kwana biyu tana kukan masinja, ta zaga kasuwa neman na uku babu wanda ya taɓa ganinsa. Ta ce, "Anti, ke da kika yi zamanin, me ya hana shi fitowa?"

Na ce mata, "Ni ce."

Ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake. Na zaunar da ita na ba ta labarin kamar yadda na ba ku.

Abin da na koya ba wai mutum ya daina faɗin ra'ayinsa ba ne. Har gobe ina da baki, in littafi bai yi mini ba zan faɗa. Da na rubuta cewa na tsaya a shafi na arba'in da biyu don raina ya ɓaci, da gaskiya na faɗa, da Baba ya yi dariya ya ce yarinya ta yi gajen haƙuri, da littattafansa uku suna nan. Ƙaryar da na ƙara don maganata ta yi nauyi, ita ce ta yi ɓarnar. Tun daga ranar, ko littafi ne, ko majinyaci, ko mutum aka kawo mini ƙararsa, kafin in yanke hukunci sai na faɗi iya inda na karanta. In ban kai ƙarshe ba, sai in ce ban kai ba.